Carbi da Fartanya

A ƙasar Bichi da Dawakin Tofa, inda gona ke jingine da gona, ɗariƙu biyu sun kafu. Akwai Ƙadiriyya ta Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda ya rasu a Bagadaza a 1166, da Tijjaniyya ta Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815.

To, idan damina ta sauka, wa ya fi, wanda ya lizimci zawiya ko wanda ya lizimci gona? Waɗansu sun ce mai wuridi, domin duniya mai ƙarewa ce. Amma wanda ya bar noma, geron wa zai ci? Na maƙwabcinsa. Ibadarsa ta zama kaya a kan wani ke nan.

An ce Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Baƙadire ne, amma yakan tufka igiya don ya ci guminsa. Lazimin Tijjaniyya kuwa safe da yamma ne, tsakaninsu lokacin aiki ne. Ashe shehunnan ba su raba carbi da fartanya ba. Mai ciyar da iyalinsa da halal, ya dawo ya zauna wazifa, ya haɗa ibada biyu.