Shin Kai Ƙarar Mai Azabtar Da Doki Annamimanci Ne?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata matsala da ta ke damun 'yan barga da masu kallon sukuwa da kilisa da hawan Salla, ko da ya ke ba kasafai su kan furta ta ba. Yaro ya ga ubangidansa ya ɗaura sirdi a kan gyambo, ya ja linzami har jini ya ɓarke a bakin doki, ya soka ƙaimi har ciki ya yi rauni. Idan ya yi shiru, dabba ta ci gaba da wahala. Idan ya faɗa, a ce ya tona asirin wanda ya ke ci da shi, watakila ma a kore shi. To, wane ne daga cikin biyun nan Shari'a ta ɗora masa?

Da farko, Musulunci bai hana tseren dawaki ba. Buhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya sa an yi tsere a Madina. Dawakin da aka horar sun taso daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, wajen mil biyar ko shida, waɗanda ba a horar ba kuwa daga Saniyya zuwa masallacin Bani Zuraiƙu, kimanin mil guda. Watau an auna wa kowane doki gwargwadon ƙarfinsa. Haka kuma Muslim ya ruwaito hanin dukan dabba a fuska da yi mata lalas a fuska. Wasan halal ne, azabar da a ke cusawa cikinsa ita ce haramun.

Masu cewa doki dukiyar mai shi ce, ba ruwan kowa, sai su tuna da raƙumin wani Ba'ansare, wanda Abu Dawuda ya kawo labarinsa. Raƙumin ya ga Annabi ya zubar da hawaye, Annabi ya tambayi wane ne mai shi, sa'an nan ya tsawata masa a kan barinsa da yunwa da ɗora masa aikin da ya fi ƙarfinsa. Mallaka ba ta kare mutumin daga tuhuma ba. Shaihu Izzuddini ɗan Abdussalami, wanda ya rasu a 1262, ya lissafa haƙƙoƙin dabba a kan mai ita, har da ciyar da ita ko ta tsufa ta daina amfani.

Saura batun gulma. Imamu Nawawi a cikin Riyadus Salihina ya ambaci wurare shida da ya halatta a faɗi aibin mutum a bayan idonsa, ɗaya daga ciki shi ne neman taimakon wanda zai iya kawar da abin ƙi. Annamimi ya kan ɗauki magana ne domin ya haɗa mutane faɗa. Mai kai ƙara saboda Allah kuwa ya kan kai ta ne inda za a yi gyara. Rufin asirin da addini ya yaba na laifin da ya wuce ne, wanda bai shafi haƙƙin wani ba. Gyambon da za a sake ɗaura wa sirdi gobe bai wuce ba, mai shi kuma ba shi da bakin da zai kai kuka.

Shiru ba ya kare ko mai laifin. A 2024 wani hoton bidiyo ya fito da ya nuna Charlotte Dujardin ta Ingila, mai lambar zinariya uku a wasannin Olamfik, tana ta zuba wa doki bulala a ƙafafu wajen horo. Ta janye daga gasar Faris, hukumar wasannin dawaki ta duniya kuma ta dakatar da ita shekara guda. An ɗauki hoton nan tun wasu shekaru kafin ya fito. Da wanda ya gani ya yi magana ran nan, da dokin ya huta da wuri, ita ma da abin ya zo mata da sauƙi.

Amma kai ƙara yana da ladubba. Mutum ya faɗi abin da idonsa ya gani, kada ya ƙara gishiri, kada kuma hassada ta zama ita ce ta tura shi. Ya fara da nasiha a keɓe. In ba a ji ba, ya kai wa Shamaki ko babban da ke kula da bargar, ko shugabannin filin sukuwa da na folo, ko likitan dabbobi. In abin ya faskara, sai hukuma. Yaron da ya ke tsoron rasa abincinsa ya nemi dattijon da ubangidan ke jin nauyi ya yi magana a madadinsa, gama Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ba ya iyawa.

Nauyi mafi girma yana wuyan shugabanni. Lalle a duba baya da baki da kofaton kowane doki kafin hawa, a hana mai rauni fita, a kuma kare wanda ya kawo rahoto daga kora da tsangwama. An azabtar da wata mace a Wuta saboda kyanwar da ta tsare, ina ga wanda ya zubar da jinin doki domin a tafa masa?

Allah Ya sanya tausayi a zukatan bayinSa, amin.