MALAM, YA HALATTA IN KAI AMARYATA NUTSO A TEKU?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daren Talata bayan isha'i, wani matashi da ke sallah tare da mu a nan Unguwar Boro ya zauna har masallaci ya watse. Ya miƙo min waya, sai ga bidiyon mutane goye da tukunyar iska suna yawo a ƙarƙashin teku, kifaye kala-kala na kewaye su. Ya ce, "Allah gafarta Malam, Zanzibar ne. Can nake so mu je ni da amarya bayan biki, amma Hajiyarmu ta ce ba da yawunta ba. Wai haramun ne?" Da izininsa nake wannan rubutu, don tambayar ta fara yawa.

Na ce masa, ango, asalin abin halas ne. Allah da kansa ya gaya mana a Suratun Nahli, aya ta 14, cewa ya hore mana teku mu ci nama ɗanye daga gare shi, mu fito da kayan ado. Lu'ulu'u da murjani kuwa ba a tsintar su a tudu, sai an nutsa. Mu ma nan gida Sarkawa da masuntan Argungu sun gaji nutso kaka da kakanni. Kuma mafi yawan mutanen Zanzibar Musulmi ne, haka tsibiran Maldif.

Ni kaina na ɗanɗana. Lokacin da nake karatu a Azhar, mun je Dahab a gaɓar Bahar Maliya da wasu ɗalibai. Ban yi zurfi ba, gilashi kawai na sa na kifa fuska a ruwa. Wallahi abin da na gani ya sa tasbihi ya fito min ba shiri. Amma a wurin ne kuma na ga wani abu. Akwai wani rami a cikin tekun da ake kira Blue Hole, zurfinsa ya kai mita 100. A jikin dutsen da ke bakinsa an manna alluna ɗauke da sunayen masu nutson da suka shiga ba su fito da rai ba, da yawansu ƙwararru ne. Tun ranar na san halaccin wannan abu yana tafe da sharuɗɗa.

Sai na yi masa tambaya uku. Ka iya iyo? Ya ce yana ɗan taɓawa a rafi suna yara. Kuɗin naka ne? Ya sunkuyar da kai, ashe rabi bashi ne daga manhajar waya, mai kuɗin ruwa. Ka zauna da Hajiya ka ji dalilinta? Ya ce a'a. To ga abin da na gaya masa, duk mai irin wannan shiri ya ɗauka.

Na ɗaya, kuɗi. Riba ba ta zama halas don za a je kallon ayoyin Allah da ita. Ko bashin ba ruwa a ciki, ya inganta cewa shahidi ana gafarta masa komai ban da bashi. Ina ga wanda ya ci bashi don hutu? Wanda kuma bai sauke farali ba, ya duba: idan abin da ya tara zai kusanto da shi kujerar Makka, ya san wanne ya kamata ya gabata.

Na biyu, rai amana ne. Aya ta 195 a Baƙara ta hana mu jefa kanmu cikin halaka. Nutso da tukunya ilmi ne, ba ƙarfin hali ba. Duk mita 10 da ka sauka, nauyin da ke danne ka yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar da ke kanmu a tudu. Wanda ya cika huhu a mita 10 ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta ninka, huhun na iya yagewa kamar balan-balan. Wanda ya taso da gaggawa, iskar da ta narke a jininsa takan yi kumfa, ta jawo ciwon gaɓoɓi, shanyewar jiki, har mutuwa. Shi ya sa ake tasowa a hankali, a tsaya minti 3 a mita 5. Daga wajen mita 30 kuma wani irin maye yakan kama mutum, ya rasa ina ne sama ina ne ƙasa. Sabon koyo iyakarsa mita 18, bayan horo na kwana uku zuwa huɗu, kuma ba a shiga sai da abokin nutso. Mai asma, mai ciwon zuciya, mai farfaɗiya, likita ne zai fara magana kafin malami. Mai juna biyu ba ta nutso sam. Sannan ba a hawa jirgin sama sai an huta aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa. Ka sa wannan a lissafi tun wajen yankar tikiti.

Sai ya yi murmushi ya ce, "Ai Malam wanda ya nutse shahidi ne." Na ce hadisin ya inganta, amma ba lasisin ganganci ba ne. Wanda kwalekwale ya kife da shi yana neman halaliyarsa daban, wanda aka ce kar ya wuce nan ya wuce don ɗaukar hoto daban. Annabi (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna, sannan ya yi tawakkali.

Na uku, sallah. Matafiyi yana ƙasaru, yana kuma iya haɗa azahar da la'asar. Amma a mazhabarmu ta Malikiyya, idan ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, za ka cika sallarka. Ruwan teku yana alwala, hadisi ya tabbatar da tsarkinsa. Don haka ba uzuri. Ka tambayi lokacin fitar jirgin ruwa da dawowarsa kafin ka biya. Kuma ina ba da shawara a kauce wa Ramadan, domin ƙishirwa na ƙara haɗarin nutso.

Na huɗu, sutura da ido. Rigar nutso matsattsiya ce, tana fitar da sura. Iyalinka ta ɗora wani abu a kai, ka nema mata mai koyarwa mace. Ka bincika masauki da kyau, wasu otal ɗin bakin teku giya da tsiraici ne kasuwarsu. Kishi bai ƙare a filin jirgin Abuja ba.

Na biyar, kar ka karya murjani don tsaraba. Abu ne mai rai, wani irinsa yana shekaru kafin ya yi tsawon ɗan yatsa. Ɓarna a ruwa ɓarna ce.

Na shida, wanda a gaskiya shi ne na farko: Hajiya. Wani mutum ya zo neman izinin jihadi, Annabi (SAW) ya mayar da shi ga iyayensa. Jihadi fa! Balle hutu. Tsoronta ba jahilci ba ne. Matar da ta rayu a gefen Kogin Kaduna ta sha ganin damina ta tafi da 'ya'yan mutane. Ka je ka durƙusa, ka yi mata bayanin horon da matakan kariya. In ta amince, alhamdulillah. In ta ƙi, tekun na nan, ba ya ƙafewa.

Ya yi shiru, can ya ce zai fara mayar da bashin, sannan ya nemi inda zai koyi iyo. Maganar Hajiya kuwa ya ce in taya shi da addu'a. Ku ma ku taya shi.

Iyaye kuma a sa ido kan yara masu zuwa wanka kogi. Mai son ɗansa ya iya ruwa, ya kai shi wurin wanda ya iya.

Allah ya tsare mu a tudu da ruwa, ya sa mu cika da imani. Wallahu a'alam.