Ko Sauya Aboki Butulci Ne?

Ƙasar Nijar, maƙwabciyarmu ta arewa, ta sauya aboki sau uku a tsakanin gwamnatoci biyu waɗanda ko wacce ke cewa ita ce halattacciyar gwamnatin Sin. A 1963 ta ƙulla zumunci da ta tsibirin Taiwan. A 1974, bayan Seyni Kountché ya hau mulki, ta koma wajen ta birnin Beijing. A 1992 ta sake komawa Taiwan, sa'an nan a 1996, zamanin Ibrahim Baré Maïnassara, ta juyo Beijing, inda ta zauna har yau. Dalilin wannan kai-komo shi ne Beijing ba ta yarda a haɗa ta da kishiyarta: wanda duk ya karɓi jakadan Taiwan, sai ta janye nata.

Waɗansu sukan ce wannan butulci ne. Amma a dubi 1992 da kyau. Baitulmali ya bushe, ma'aikata sun yi watanni ba albashi, ga Taiwan ta zo da rancen miliyoyin daloli. Manomin Zoza wanda rumbunsa ya ƙare tun bazara ya san irin wannan hali. In attajirin da ya saba ba shi bashi ya yi shiru, wani kuwa ya miƙo hannu, ba mai zarginsa don ya karɓa, gama iyali ba su cin alkawari. Laifin da ake iya ɗora masa shi ne in ya rantse wa na biyun cewa ba su rabuwa har abada, alhali ya san yunwa ce ta kawo shi.

Babba ma fa yana da nasa alhaki, watakila ya fi nauyi, domin shi ne ya gindaya sharaɗi a kan wanda ba shi da ƙarfin ƙi. Lalle Sin ta yi ayyuka: gada ta biyu a Yamai da matatar mai a Damagaram, duka a 2011. Sai dai man da ake tacewa daga Agadem yake fitowa, kamfanin Sin kuwa shi ke haƙo shi.

Zumuncin Taiwan shekara 4 ya yi, amma bashinta bai tafi tare da jakadanta ba. Bankin da ya ba da rancen ya kai Nijar ƙara kotu a birnin New York, kotu kuwa ta ce a biya.