Ka Ambaci Sunan Shugaba a Gaban Allah

Ɗana, kai da kake zuwa sujada ranar Lahadi a Damagaram, matso in ja hankalinka a kan wani abu. Idan lokacin addu'a ya yi, mukan daɗe a kan marasa lafiya, da damina, da yara masu jarrabawa. Da an zo kan shugabanni sai murya ta yi ƙasa, a dunƙule su wuri guda, a ce amin a wuce. Wasu ma ko baki ba sa buɗewa. Na san dalilinsu, kuma ba na raina shi.

Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, zanga-zangar ƙin zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe ta zama wuta a garin nan. An ƙona majami'u da cibiyar al'adun Faransa, an yi hasarar rayuka, Kiristoci da yawa suka fake a barikin soja. Washegari abin ya kai Yamai. Tun kafin nan, a Satumbar 2012, an taɓa far wa cocin Katolika na nan Zinder, wato Damagaram. Wanda ya tsaya cikin toka yana tsintar ragowar bencin da ya saba zama a kai, idan ya ce maka, "Ina hukuma take a ranar?" kada ka yi masa gardama. Ciwonsa na gaskiya ne.

Sai dai ka duba waɗanda suka bar mana wannan umarni. Manzo Bulus, a babi na 2 na wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti, ya ce a riƙa roƙo domin sarakuna da duk masu riƙe da iko, don jama'a ta samu zaman lafiya. Sarkin Roma na lokacin Nero ne, wanda ya ɗora wa Kiristoci laifin gobarar shekara ta 64, ya karkashe su. Annabi Irmiya kuma, a babi na 29, ya aika wa mutanensa da aka kwashe zuwa Babila cewa su nemi alherin birnin da ya ci su da yaƙi, su yi masa addu'a. Babu ɗayansu da ya jira sai mai mulki ya kyauta masa tukuna. Addu'ar nan ba tukwici ba ce, ɗana, wajibi ce a wuyanka.

Kuma ba ruwanta da jam'iyya. Mahamman Usman, ɗan garin nan, ya hau mulkin ƙasa a 1993, soja suka sauke shi a 1996. Ranar 26 ga Yulin 2023 aka kifar da Shugaba Bazum, Janar Tiani ya karɓa. Shi kansa Mai Martaba Sarkin Damagaram, Abubakar Sanda, an tuɓe shi a 2001, aka mayar da shi kan gadonsa a 2011. Idan addu'arka tana bin wanda ka jefa wa ƙuri'a, to duk sanarwar da aka yi a rediyo sai ta sauya. Yi wa wanda ke kan kujera, kada kuma ka manta da wanda aka sauke.

Amma ni shugabanni na kusa sun fi damuna, don su ne muka fi mantawa. Je ka ga mai unguwa da hantsi, zaune a kan tabarma a zaure, wannan ya zo da rikicin iyakar fili, waccan ta zo da ƙarar miji, ga uwar da aka kama ɗanta cikin faɗan ƙungiyoyin matasa da ake kira fale tana kuka. Je ka ga bakin famfo a watan bazara, jarkoki masu ruwan ɗorawa sun yi layi tun asuba, ruwa bai zo ba, kowa yana tsine wa hukumar gari. Wani yana can da wannan nauyi a kansa, kuma shawarar da zai yanke yau za ta shiga tukunyarka gobe. Roƙa masa tsoron Allah da adalci. Roƙa Allah ya haɗa shi da mashawarta na gari, ya raba shi da 'yan kanzagi, ya ba shi zuciyar da za ta tsaya tsakanin taron fushi da ƙofar mai rauni, ko na coci ko na masallaci.

Kada ka ɗauka ina ce maka ka rufe baki a kan zalunci. Natan ya faɗa wa Sarki Dawuda laifinsa ido da ido, Yahaya Mai Baftisma ya tsawata wa Hirudus har ya rasa kansa. Abin da na lura shi ne, bakin da ya roƙa wa mutum alheri da safe yana jin nauyin zaginsa a WhatsApp da dare. Yakan faɗi gaskiya, amma ba da ƙiyayya ba.

Tun 1924 masu bishara na ƙungiyar SIM suka zauna a Zinder. Mu ba baƙi ba ne, garinmu ne, shugabanninsa kuma namu ne. Don haka ka nemi sunan gwamna, da na mai riƙe da hukumar gari, da na mai unguwarku, ka koya wa 'ya'yanka su riƙa ambatonsu a addu'ar dare. Idan an yi sabon naɗi, ku ɗauki dattawan ikilisiya ku je ku yi masa barka, ku shaida masa kuna sa shi a addu'a duk Lahadi, sannan ku tambaye shi abin da ya fi damunsa don ku san abin da za ku roƙa.