Ɗana, Kada Ka Ara Wa Kowa Lasisinka

Ɗana, tunda ka ɗaura niyyar riƙe harkar fitar wa 'yan kasuwa kaya daga hannun kwastan da yi musu jigila, to gyara zama in gaya maka abin da ubangidanka ba lalle ya samu sukunin gaya maka ba. Sana'a ce mai albarka. Da ita mutane da yawa a Kano da Katsina da Sakkwato suka gina gidaje, suka aurar da 'ya'ya, suka sauke farali. Amma da ita kuma wasu suka wayi gari banki na neman gidan da suke kwana a ciki, kan kayan da ko ƙyallinsu ba su taɓa gani ba. Abin da ya raba waɗannan da waɗancan, galibi, shi ne yadda kowannensu ya riƙe takardunsa.

Fara da rajista, don ita ce ƙofar shiga. Sai ka yi wa kamfaninka rajista a Hukumar CAC, ka karɓi lambar haraji ta TIN, ka samu ofis na gaskiya wanda idan an zo za a tarar da kai. Akwai kuma majalisar CRFFN, wadda dokar 2007 ta kafa don yi wa masu harkar jigilar kaya rajista da sa musu ido. Bayan haka ne za ka nemi lasisin ejan a Hukumar Kwastan ta Najeriya, wadda yanzu take aiki da sabuwar dokarta ta 2023, dokar da ta maye gurbin tsohuwar CEMA da aka gada tun kafin samun 'yancin kai. Lasisin nan na shekara guda ne, yana ƙarewa da ƙarewar Disamba, dole a sabunta shi. Duk wannan zirga-zirga ce da haƙuri, kuma na san za ka iya.

Inda nake so mu daɗe shi ne kan bon, wato lamunin da ake ajiyewa a hannun kwastan.

Kwastan ba ta ba mutum lasisi don ta ga fuskarsa ta kamilai ce. Sai ya kawo wanda zai tsaya masa, yawanci banki, wanda zai rubuta cewa idan wannan ejan ya saɓa ƙa'ida har gwamnati ta yi asarar kuɗin fito, shi zai biya. Bankin kuwa ba zai sa hannu ba sai ya riƙe wani abu naka, ko kuɗi a asusu ko takardar fili ko ta gida. Ka ga ke nan mutum uku ne a cikin igiya ɗaya: kai, da banki, da kwastan. Idan ta tsinke, kwastan ta juya kan banki, banki ya juyo kanka. Malamanmu sun daɗe da karantar da mu wannan a babin lamuni, cewa wanda ya tsaya wa wani shi ake kamawa idan wancan ya gaza. Dokar zamani ba ta zo da wani sabon abu a nan ba, ta dai sa shi a takarda ta buga hatimi.

To ga yadda ake faɗawa rami. Wata rana za ka ga mutum ya shigo ofishinka da sallama da fara'a, wataƙila ma ɗan unguwarku ne, ko wanda kuke sahu ɗaya a masallaci. Zai ce, “Alhaji, kwantena ɗaya ce tak ta maƙale mini a Apapa, kuɗin ajiya na ta hauhawa, lasisina kuma bai fito ba. Taimaka ka ba ni lambarka in shigar da bayanan kayan, in ya so ga na goro.” Za ka duba kuɗin da ya ajiye a kan tebur, ka ga ba ka ɗaga ko tsinke ba za su zama naka. Ka kuma ji nauyin ka ce a'a.

Ka ce a'a ɗin, ɗana. Ka ce da ladabi, ka ba shi ruwa ya sha, ka raka shi bakin ƙofa, amma ka ce a'a. Domin daga lokacin da ya shiga na'urar kwastan da sunanka, duk abin da ya rubuta kai ka rubuta. Idan ya ce kayan gyaran injin ne alhali atamfa ce a ciki, kai ne ka yi ƙarya. Idan ya rage darajar kayan don kuɗin fito ya sauko, kai ne ka rage. Idan kuwa, Allah Ya tsare, aka buɗe aka tarar da tramadol ko makamai, kwamfuta ba ta san fuskarsa ba, sunan kamfaninka ta sani. Kuma kada ka ɗauka idan kaya sun fita daga tasha magana ta ƙare. Kwastan na da sashen bin diddigi bayan fitar kaya, suna iya komawa kan takardun da aka shigar tuntuni su aiko da takardar neman cikon kuɗi, wadda 'yan harkar ke kira DN. Ran da ta iso, mutumin nan wayarsa a kashe take. A toshe lasisinka, kayan mutanen kirki da suka ba ka amana su tsaya cak a tasha, kullum kuɗin ajiya na ƙaruwa a kansu, ba su ci ba ba su sha ba.

Haka batun yake ga takardun mai kaya. Fom M ana buɗe shi ne a banki kafin a loda kaya daga can ƙasar waje, ita kuma takardar PAAR, wato ta kimanta kaya kafin su iso, kwastan ce da kanta take fitar da ita tun 2013. Ka karanta su da idonka, ka gwada su da rasitin saye da takardar jirgi. Idan ɗan kasuwa ya ce ka “gyara” masa lissafi, ka sani ribar tasa ce, laifin naka.

Sai bon na biyu, wanda ya fi shafar mu mutanen Arewa, wato na kayan wucewa. Nijar ba ta da teku, kayanta sai sun ratso ta ƙasar wani, ko ta Kwatano ko ta Lome ko ta Tema ko ta Legas. Kayan da za su wuce ta Najeriya zuwa Maraɗi ko Ƙonni ba a karɓar musu kuɗin fito a nan, tunda ba a nan za a sayar da su ba. Don haka kwastan take cewa a ajiye lamunin da zai rufe kuɗin fiton gaba ɗaya, a danna wa kwantena hatimi, a rubuta hanyar da mota za ta bi da iyakar da za ta fita, ko Jibiya ko Illela. Tun 1982 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu a Kwatano kan yarjejeniyar wucewar kaya ta hanyar mota, kuma ginshiƙinta shi ne wannan lamuni. Irinsa ake yi wa kwantenar da aka ɗauko daga Legas zuwa tashar tsandauri ta Kaduna, wadda aka buɗe a 2018, ko ta Dala a Kano, wadda aka buɗe a 2023, don a biya kuɗin fiton a can.

Yawancin masu ƙonewa a nan ba ɓarayi ba ne, sakaci ne yake cinye su. Mota ta tsallaka Jibiya, ta shiga Ɗan Isa, an sauke kaya a Maraɗi, mai kaya ya bugo waya ya ce alhamdulillahi, ejan ya shafa addu'a ya shiga wata sabgar. Alhali a littafin kwastan kayan nan har yanzu suna kan hanya. Bon ba ya mutuwa don kaya sun isa, sai an dawo da shaidar isarsu mai ɗauke da hatimin ofishin iyaka, an kai inda aka buɗe shi, an soke shi. Kafin nan bashi ne a wuyanka. Saboda haka ka bi takardar nan kamar yadda uwa take bin ɗanta a cikin kasuwa, kada ta ɓace maka da gani har sai ka riƙe shaidar sokewa a hannunka. Ka yi mata kwafi, ka adana a inda ruwa da gara ba za su kai ba.

Direbanka ma ka zaunar da shi ka yi masa bayani, domin hatimin da ke jikin ƙofar kwantena ɗan ƙaramin ƙarfe ne, amma dukiyarka kaf tana rataye da shi. Idan mota ta lalace a Tegina ko a Funtuwa, kada ya kuskura ya ɓalle shi don a juye kaya a wata motar, sai an sanar da kwastan sun zo sun gani da idonsu sun rubuta. Kada ya sauya hanya don gudun ramuka ko don ya biya gida ya kwana. Idan wani ya tare shi a tashar mota ya ce a sauke katan goma a cikin gari ba wanda zai sani, ya gane cewa wannan fasa-ƙwauri ne tsagwaronsa, hukuncinsa ƙwace kaya da mota, har da ɗauri.

Ka kuma riƙa sauraron labarai, don iyaka ba kullum take buɗe ba. Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu a Agustan 2019, ba a fara buɗe su ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufe tsakaninmu da su, tireloli suka yi jerin gwano a Jibiya da Illela wata da watanni, albasa ta ruɓe, direbobi suka cinye guzurinsu. Wanda kayansa ke ƙarƙashin bon a irin wannan lokaci, abin da zai cece shi shi ne ya garzaya ofishin kwastan a rubuce, ya bayyana inda motarsa take, ya nemi ƙarin wa'adi kafin wa'adin ya cika. Yanzu kuma da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025, kada ka loda kayan wucewa da ilimin bara. Ka je ka tambayi ƙa'idar da ake aiki da ita a yau, daga bakin jami'in da ke da alhakin abin, ba daga bakin ɗan kamasho ba.

Na san za ka ga wasu sa'o'inka suna hayar da lasisinsu suna canza motoci, kai kana tafe a hankali. Kada hakan ya dame ka. 'Yan kasuwar Kantin Kwari da Singa suna da dogon tunani, sun san ejan da kayansu ke kwana lafiya a hannunsa, kuma shi suke nema idan babbar harka ta taso. Ita ma kwastan ta fara ware kamfanonin da ta amince da tarihinsu a ƙarƙashin shirin AEO, tana sauƙaƙa musu bincike.

Don Allah, ɗana, yau ɗin nan kafin ka tashi daga ofis, buɗe durowa ka fito da duk bon ɗin da aka buɗe da sunanka, ka duba wanne aka soke, wanne ya rage. Wanda ya rage, gobe da sassafe ka bi shi. Lambar sirrinka ta shiga na'urar kwastan kuwa, idan akwai wanda ya san ta bayan kai, ka canza ta yanzu. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare maka sunanka.