Yafiya a Zaman Kiristan Karkara

Yafiya ita ce mutum ya ajiye ramuwar da yake da ikon yi a kan wanda ya cuce shi, ya kuma daina riƙe shi a zuci. A koyarwar Kirista tana cikin ginshiƙan ibada. Addu'ar Ubangiji da ke cikin Bisharar Matiyu sura ta 6, wadda yaro ke haddacewa tun yana ƙarami, ta ɗaure gafarar da mai bi ke roƙo wurin Allah da wadda shi kansa yake yi wa mutane. A sura ta 18 kuma Yesu ya ba da misalin bawan da sarki ya yafe wa bashin da ba zai iya biya ba har ƙarshen ransa, shi kuwa yana fita ya shaƙe ɗan'uwansa a kan kuɗi ƙalilan. Tushen koyarwar ke nan: wanda aka yafe wa babba ba shi da bakin hana ƙarami.

Nauyin wannan umarni ya fi bayyana a ƙauye. Yankin Gidan Amumune, da sauran ƙasar Mayahi da Tasawa a jihar Maraɗi, ƙasa ce ta manoman hatsi da dawa da wake, inda jama'a ke ƙaruwa gonaki na ƙanƙancewa, damina kuma gajeruwa ce. Kirista a Nijar tsiraru ne ƙwarai. Mishan ta SIM ta sauka Damagaram a 1924, bayan 'yan shekaru ta kafa zango a Tsibirin Gobir kusa da Maraɗi, daga nan ƙananan ikilisiyoyi suka yaɗu cikin ƙauyuka. Saboda haka mai bi a wannan yanki yakan kasance gida ɗaya ko biyu a cikin dangi Musulmi. Wanda ya ɓata masa rai ba baƙo ba ne da zai wuce gobe. Ƙanen mahaifinsa ne, ko suruki, ko maƙwabcin gona, kuma za su haɗu a bakin rijiya, a kasuwa, a wurin suna da zaman makoki. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Abin dubawa shi ne yadda zaman zai ci gaba bayan saɓanin.

Abubuwan da ke haddasa riƙo sanannu ne. Akwai cin iyakar gona, inda ake tura gambar da ta raba gonaki taku ɗaya kowace shekara. Akwai bashin hatsi da aka ci da bazara, kaka ta yi aka yi shiru. Akwai rabon gado, akwai kuma gorin da wanda ya canza addini yakan sha. Wanda ya fi duka haɗari shi ne ɓarnar dabbobi kafin a saki gonaki, musamman inda noma ya cinye burtali. Jihar Maraɗi ta ga inda ramuwa ke kai mutane: a Toda, cikin watan Oktoba na 1991, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, akasarinsu mata da yara na Fulani. Waɗanda suka mutu ranar ba su ne suka soma rigimar ba, kuma haka ramuwa take, ba ta tsayawa kan mai laifi.

Akwai kuskuren fahimta da ya kamata a kawar, domin yana cutar da raunana. Yafiya ba ta nufin a ce ba a yi laifi ba, kuma ba ta hana bin haƙƙi. Manomin da shanu suka cinye wa gona yana da iyalin da zai ciyar. Daidai ne ya kai magana gaban maigari, a je a duba ɓarnar, a yanke abin da za a biya, kamar yadda dokar karkara ta 1993 ta bai wa sarakunan gargajiya hurumin sasantawa. Abin da bangaskiyarsa ta hana shi shi ne ya sari dabba, ko ya ƙara ƙarya a kan asararsa, ko ya ƙullaci dukan makiyaya saboda mutum ɗaya. In an biya shi, magana ta mutu. In kuwa ya ga wanda ya yi ɓarnar ba shi da halin biya har ya rage masa, wannan alheri ne da ya zaɓa, bai kamata kowa ya tilasta masa ba. Tsakanin masu bi, Matiyu sura ta 18 ta shimfiɗa hanya: a fara samun mutum shi kaɗai, in bai ji ba a tafi da shaida ɗaya ko biyu, sannan a kai wa ikilisiya. Hikimar farawa a asirce ita ce tsare mutuncin mai laifi, don ya sami hanyar dawowa ba tare da an kunyata shi a dandali ba.

Irin wannan hali ba ya yiwuwa sai da bangaskiya mai ƙarfi, domin mai yafewa ya yarda ne cewa shari'a ta ƙarshe a hannun Allah take. A Littafi Mai Tsarki, Yusufu ya ciyar da 'yan'uwan da suka sayar da shi saboda ya ga hannun Allah a cikin abin da suka nufa da mugunta. Kiristan Nijar sun fuskanci wannan gwaji a ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, lokacin da zanga-zangar ƙin zanen jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe, aka ƙone majami'u masu yawa a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka rasu. Shugabannin ikilisiyoyi sun fito fili sun ce sun yafe, ba a kuwa ɗauki fansa ba. Ya kamata a tuna kuma cewa akwai Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a gidajensu a waɗannan ranaku.

Hidima ce ke nuna ko yafiyar ta kai zuci. Asibitin Galmi, da aka buɗe a 1950, da cibiyar kula da masu cutar kuturta ta Danja kusa da Maraɗi, ba sa tambayar addinin majinyaci kafin magani. Aikin barin kututture ya tofo a gona, wanda Tony Rinaudo na SIM ya soma yaɗawa a jihar Maraɗi daga 1983, manoma Musulmi ne mafi yawan waɗanda suka ci amfaninsa. A ƙauye hidimar ba ta kai wannan girma ba, amma ta fi wuya: mutum ya ɗauki hauyarsa ya je gayyar wanda suka yi shari'a bara, ko mace ta aika tuwo gidan da aka zage ta ranar da aka yi musu rasuwa.

Mafi tsanani shi ne laifin da mai shi bai tuba ba, ko wanda ake maimaitawa. Nan sai a bambanta yafiya da sulhu. Yafiya mutum ɗaya ke yin ta, ko da ɗayan bai nema ba, sulhu kuwa sai da mutum biyu, amana kuma sai a hankali take dawowa. Matar da miji ke duka za ta iya cire ƙiyayya daga ranta, ta kuma kai kuka ga iyayenta, da dattawan ikilisiya, da hukuma. Faston da ya ce ta koma ta yi shiru da sunan gafara ya ɗora mata kayan da Littafi Mai Tsarki bai ɗora mata ba. Aikinsa shi ne ya kira mijin, ya tsawata masa, ya kuma tabbatar cutar ta tsaya kafin a soma maganar komawarta ɗaki.