Wane Ne Mai Mugun Baki?

A Gella, in ka ce daminar bana kogin Yedzaram zai shiga gidaje a Mubi, kafin ka rufe baki wani ya ce, "Bakinka ya sari ɗanyen kashi!" Shi ya sa mai wayo kan fara da "ba fata ba", don kada a sa masa suna mai mugun baki.

Ni dai a ganina kuɗin goro muke yi wa mutane biyu da ba su da haɗi. Akwai wanda hasashen bala'i ke wa daɗi, ya zauna a majalisa yana cewa ƙasa ta gama lalacewa, babu mai tsira. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya soki mai cewa mutane sun halaka. Akwai kuma wanda ya hango hadari ya ce a kwashe shanya.

A shekarar 2014 Gwoza da Madagali suka faɗa hannun Boko Haram cikin watan Agusta, Gulak da Michika suka biyo baya a Satumba. Kawuna dillalin shanu ne a kasuwar Mubi, yana jin labari daga bakin masu zuwa da dabbobi. Ya ce a kai mata da yara Yola tun hanya na buɗe. Wani tsaransa ya ce, "Haba Alhaji, fata nagari lamiri." Ranar 29 ga Oktoba Mubi ta faɗi, mutane suka bi duwatsu da ƙafa zuwa Kamaru, da goyo da tsofaffi. Abin da ya fi ba ni haushi, bayan an dawo gida sai ga masu raɗa cewa bakinsa ne ya jawo.

Baki ba ya saukar da ƙaddara. Yarda cewa baki na jawo masifa camfi ne, addini kuwa ya hana camfi. Da Annabi Yusuf ya fassara mafarkin sarkin Masar, shekara bakwai na yunwa ya faɗa ƙarara, ya kuma ce a bar hatsi cikin zangarniyarsa a ajiye. Sarki bai ce da shi mai mugun baki ba, taskokin ƙasa ya damƙa masa.

Don haka in wani ya hango maka masifa, ɗan'uwa, tambaye shi me ya gani, me kuma za a yi. In yana da amsa, matsa masa tabarma. In ba shi da ita, ka ce Allah Ya kiyaye, ka kama gabanka.